Wasiƙar Bajamushiya da Rariyar Gidanmu

Da lasisin tuƙi na sauka Doha, amma abin da aka fara miƙo mini hular gadi ce. Ejan ɗin da ya yi mini hanya a Kano ya rantse har da dafa ƙirji cewa mota na jirana, sabuwa fil, mai sanyi. Motar da na tarar ita ce bas ɗin da ke kwasarmu da sassafe ta zube mu a bakin wani gini da ba a gama ba. Da na nuna wa wakilin kafil ɗina, wato mai ɗaukar nauyin bizata, lasisin, ya juya shi gaba da baya, ya miƙo mini abina, ya ce, "Khalas, wannan na ƙasarku ne." Na kira ejan, waya ta ce ba a samun mai lambar. Har yau ba a same shi ba.

Zangona na farko Ain Khaled ne, a wani gida da aka yanyanka da katako aka mai da shi ɗakuna. Mu shida a ɗaki, gado bisa gado, kowa da ƙusar rataye rigarsa da irin minsharinsa. A gadon ƙasa da nawa akwai wani dattijo mutumin Ghana, Yakubu, ɗan Zangon Kumasi, wanda ya daɗe yana tuƙa tankar ruwa. Shi ya fara lura ba na cin abinci. Ya zubo mini wake da shinkafa irin nasu mai ja-ja, ya tsaya a kaina.

"Ɗan Najeriya, ka ci. Garin nan ba wanda zai tambaye ka ko ka ci. Ni ma yau kaɗai zan tambaya."

Washegari ma ya tambaya, haka jibi.

Ni mutumin Tungar Gawo ne, ko in ce da can. 'Yan bindiga sun tashi ƙauyenmu shekara biyu kafin tafiyata, muka tattara muka koma ɗakin haya a Funtua, inda Baba ya rasu yana tambayar ko an ɗaure awakin da tuni aka kore. Ni ne babba, saboda haka komai ya dawo wuyana, Inna da ƙannena da gidan da muka bari. Gidan ƙasa ne a gindin tudu. Akwai rariya kusa da zaure wadda kowa ke gani, amma wannan ta ruwan wanke-wanke ce. Ta gaskiyar tana bayan ɗakin Inna, a gefen rumbu. Baba ya haƙa ta da hannunsa, ya rufe da faffaɗan duwatsu da ƙasa, ta bi ta gindin katanga ta fita kwari. Idan kaka ta yi sai a toshe bakinta da tsohon dutsen niƙa a binne, saboda macizai da gafiya. Kafin ruwan farko kuma a tone a ɗage. Wata shekara aka makara da kwana ɗaya tak, ruwan tudu ya taru a bayan ɗakin har gwiwa, bango ya jiƙe ya tsage tun daga ƙasa. Abin da ya cece mu shi ne ruwan ya ɗauke da wuri.

Ko bayan mun gudu, nakan saci jiki in koma a kan babur in buɗe ta, in kaka ta yi in koma in toshe. Zuwana na ƙarshe na ɗauki gawayi na rubuta lambar wayata a bangon zaure, ban ma san don me ba. Wata guda bayan haka ina Doha.

Wata uku na yi ina tsaye a bakin ginin nan, ina gadin siminti da rodi. Tsayuwa wuri ɗaya ba halina ba ne. In kai nan, in dawo can, har wani Banepale da muke aiki tare ya ce ƙafata za ta haƙa musu rami kyauta. Da kamfani ya rasa direba aka tura ni gwaji, na faɗi, don shataletalen garin nan ba irin na Funtua ba ne da mai ƙarfin hali ke fara shiga. Yakubu ya tara murafen kwalba a kan katifarsa, ya jera su, ya yi ta koya mini wa ke jiran wa. A karo na biyu na ci.

Zango na biyu Al Mirqab, amma na aiki kawai, kwana dai a Ain Khaled. Nan ne nake ɗaukar wani injiniya Bature kullum da safe in kai shi Al Wakrah, in dawo da shi da yamma. Sunansa Marek, mutumin ƙasar Foland, dogo, mai furfura a gashin gira, yana kirana "Sanushi" maimakon Sanusi. Aikinsa magudanun ruwan sama. Da na ji haka sai da na danne dariya. Mutum ya baro ƙasar da ruwa ke zuba ya zo haƙa kwata a ƙasar da hadari ke zuwa kamar baƙon kunya. Turancinsa a karye, nawa a gurguje, don haka muka fahimci juna sarai.

Injiniya mutum ne mai son labari, kuma labarinsa ɗaya ne: ƙauyensu. Da mun shiga cunkoso zai fara. Sunan ƙauyen ya faɗa mini ya fi a ƙirga, harshena ya ƙi lanƙwasa shi. Ya ce kada in damu, ƙauyen suna biyu gare shi, kuma na farkon shi ma bai iya faɗa daidai ba, don na Jamusanci ne. Wai ɗaruruwan shekaru da suka wuce wani basarake ya gayyato manoma Jamusawa, suka sare daji, suka jera gidaje a bakin rafi a kan titi ɗaya, kowane gida da doguwar gonarsa a baya har zuwa gindin dutse. Suka gina coci da jan bulo, suka haifa, suka binne, har ba wanda ke tuna daga ina suka zo.

Ni kuwa sai in ce "To, oga," ina kallon fitilar hanya. Me ya haɗa ni da Jamusawan daji?

Ana nan, wata Juma'a bayan masallaci, saƙon murya ya shigo wayata daga lambar wani ɗan acaɓa da ke zirga-zirga yankinmu. Amma muryar ba tasa ba ce. Muryar magidanci ce, a shaƙe.

"Salamu alaikum. Sunana Dahiru. Lambar ga na gani bangon zaure. Mu mutanen can cikin daji ne, an ƙone muna gari ƙurmus, munka taho da mata da ɗiya, munka iske gidanku a buɗe, munka shiga. Ba da raini ba ne, wallahi ba mu da inda za mu. Don Allah a yi muna haƙuri. Ga lambata, in an hau tudu ana samun sabis."

Sau nawa na saurari saƙon nan, ban sani ba. Kowane sauraro raina na ƙara ɓaci. Gidan da ubana ya mutu yana ambato, gidan da nake saida raina in je in buɗe wa rariya, wai wani ya iske shi "a buɗe". A buɗe! Na rufe ƙofar da hannuna, na tokare da turmi. Na riƙa hango matarsa tana hura wuta a murhun Inna, 'ya'yansa suna zane a bangon da muka shafe. Ban ba shi amsa ba.

Baffa Lawwali, ƙanen Baba, shi ma labari ya kai masa. Ya kira ni yana huci.

"Sanusi, kai ne babba, ka ba ni baki kawai. In ɗauki 'yan sa-kai mu je mu hidda su tun ba a yi ruwa ba. Ka san in sunka shuka gonar nan, ba mai tada su sai sun girbe. In sunka girbe sau ɗaya kuwa, to sai dai labari."

Gaskiya ya faɗa, haka al'adar take a wajenmu. Wanda ya zuba iri a ƙasa ba a korarsa sai ya kwashe amfaninsa. Na buɗe baki zan ce a je, sai wani tunani ya faɗo mini, a sanyaye, ba hayaniya. Dutsen niƙa yana nan inda na binne shi. Dahiru zai ga rariyar zaure ya ɗauka ita ke nan. Ruwan farko mai ƙarfi zai sauko daga tudu, ya taru, ya kwantar da bangon. Su da kansu za su tattara su bar gidan, ba sanda, ba 'yan sa-kai, ba sunana a bakin kowa. Bango kuwa ana sake gina shi.

Na ce, "Baffa, a dakata tukuna. Bayin Allah ne."

Cikin kwana biyu magana ta zaga dangi cewa Sanusi ya yi halin ubansa. Gwaggo ta aiko da saƙon sa albarka. Na karɓa, na ce amin. Ban taɓa jin kunyar da ta kai ta wannan amin ɗin ba, amma ban janye ba. Na gaya wa kaina ai ni ban yi komai ba. Shiru kawai na yi. Na kuma gaya wa kaina ɗakin Inna ƙarami ne, ƙila kaya suka zuba a ciki. Wannan "ƙila" ita na riƙe kwana goma sha tara.

Daga ranar na zama mai duban yanayi. Na sa sunan garin da ya fi kusa da ƙauyenmu a waya, ina dubawa a bakin fitilar hanya, a layin shan mai, a banɗaki, bayan sallama daga salla. Doha ta ɗauki zafi, kwalta na tururi, ni kuwa idona na kan ɗan hoton gajimare a wata ƙasa. In na ga rana sai raina ya ɓaci. In na ga gajimare sai tsoro ya kama ni. Ban san wanne nake so ba. Abinci ya sake fita kaina, na dawo ina kai-kawo a ɗan tsakar gidanmu na Ain Khaled.

Yakubu ya dube ni wata rana yana wanke kofinsa. "Ɗan Najeriya, mutum da yake jiran ruwa don gona, fuskanshi daban. Naka ba haka ba ne."

Na ce masa zafi ne. Ya ce to, Allah ya kawo sanyi.

A cikin kwanakin nan ne labarin Injiniya ya iso inda ya fara cizona. Muna hanyar Wakrah ya ce, bayan Yaƙin Duniya na Biyu manya suka zauna suka matsar da iyaka. Ƙauyen Jamusawa ya wayi gari a cikin Foland. Aka ce Jamusawa su fita. Su kuma kakanninsa, can gabas suke, ƙasarsu ta faɗa hannun Rasha, aka loda su a taragon dabbobi, makonni suna tafiya, aka sauke su a bakin rafin nan aka ce kowa ya zaɓi gida.

"Kakata ta shiga gida da yara uku," in ji shi, "ta tarar da matar gidan a ciki. Ba a riga an kwashe su ba. Hunturu guda suka yi suna dafa abinci a murhu ɗaya, ba mai jin yaren wata. Kowace tana ganin ɗayar ce ta cuce ta."

Na ce, "Oga, ai mai gida ita ce da gaskiya."

Ya ɗaga kafaɗa. "Kakata ma mai gida ce, Sanushi. Nata gidan wani ne a ciki."

Na ƙara wuta, har ya ce in rage.

Ya ci gaba a wasu ranakun, guntu-guntu. Yadda aka tafi da Bajamushiyar da ƙunshi ɗaya. Yadda aka sauya wa ƙauyen suna, aka kankare rubutun Jamusanci a bangon coci da shago, ciyawa ta cinye maƙabartarsu. Abin da ya fi tsaya mini shi ne da ya ce kakarsa ta yi shekaru ba ta dasa ko itace ɗaya ba. Ba ta gyara rufi, ba ta shafa fenti. Akwatinta na ƙarƙashin gado a ɗaure. Kullum jira take masu gida su dawo. Duk ƙauyen haka suka zauna, a gidajen bulo masu kyau, kamar masu jiran mota a tasha.

A satin ne Dahiru ya sake aiko da saƙo ta hannun ɗan acaɓan. Ya ce sun share gona amma ba su taɓa rumbu ba, kuma tsamiyar ƙofar gida ta yi sabon ganye. Ko wannan ban amsa ba.

Ranar wata Talata, mun fito Al Mirqab, na ce bari in kawar da zancen ƙauyen nan da ya ishe ni. Na ce, "Oga, duk aikin duniya, me ya kai ka kwata?"

Ya yi dariya, ya ce ai wannan ma ƙauyen ne. Na ce a raina, na shiga uku.

Ya ce a ƙarƙashin gidan akwai ɗakin ajiye dankali. Duk shekara in ƙanƙara ta narke sai ruwa ya cika shi. Tun yana yaro aikinsu ke nan, kwasar ruwa da bokiti. Dankali ya ruɓe, danshi ya hau bango, bangon ya tsage, kakansa ya kamu da tarin da bai rabu da shi ba har kabari. Kowa ya ɗauka haka gidan yake. Ashe wasu shekaru bayan yaƙi wasiƙa ta zo daga Jamus, da sunan Bajamushiyar a baya. Kakarsa ta tabbata cewa ga ta nan, gidanta take nema. Ba ta kai wa kowa ya karanta ba, don zamanin ba a son a ga kana hulɗa da Jamus, kuma tana tsoron abin da za ta ji. Ta cusa ta a ƙasan akwatin nan. Sai bayan ta rasu, shi kuma ya koyi Jamusanci a makaranta, ya buɗe.

"Ba ta nemi gida ba," ya ce. "Cewa ta yi a bayan rumbun ciyawa akwai faffaɗan dutse. A ƙarƙashinsa akwai bakin magudanar da kakan mijinta ya gina, tana fita rafi. A share ta duk shekara kafin sanyi, in ba haka ba ruwa zai shiga gida. Har zane ta yi."

Na rage gudu, shi kuma ya ci gaba.

"A ƙarshe ta ce, ranar da za ta tafi ta tuna da magudanar. Ta wuce ta gefen dutsen da ƙunshinta, ta kalli kakata, ta yi shiru da gangan. Ta ce tun daga ranar, duk sanda ƙanƙara ta fara narkewa ba ta iya cin abinci, tana tunanin yara ukun nan. Ta roƙi gafara." Ya kalli waje. "Na je na ɗage dutsen. Aikin rabin yini ne, Sanushi. Rabin yini."

Haushinsa ne ya kama ni, kamar ya leƙa cikina ba izini. Na ce a raina, ita ai da ƙarfin gwamnati aka fitar da ita, ba za ta koma ba, me zai hana ta yin kirki daga nesa? Ni kuwa gidana zan koma. Da wannan hujjar na rayu Talata da Laraba. Hujja ce mai kyau, sai dai ba ta sa ni cin abinci ba.

Ranar Alhamis da la'asar, ina jiran Injiniya ya tashi daga aiki a Al Wakrah, na gangara bakin teku inda jiragen masunta ke tsayawa, na kashe mota. Iska mai ɗumi, warin kifi, sama fes ba ko ɗigon gajimare. Sai ga kiran Baffa.

"Ka gani ko? Mai babur ya ce gabas ta haɗe baƙi ƙirin tun azahar. Yau kam ba makawa. Gobe da safe za su shuka, kai ka ja muna da haƙurinka."

Na kashe wayar. Na duba hoton yanayi: gajimare, da ɗigo uku a ƙasansa, da alamar walƙiya. Ga abin da nake jira ya zo. Na fito daga mota, na koma, na sake fitowa. Na tuna yadda bangon nan ya yi ƙara shekarar da ya tsage, wata 'yar ƙara kamar ana taka busasshen kara. Na lalubo lambar Dahiru, na danna.

Ba ta shiga ba. Na sake, ba ta shiga ba. Ai sai an hau tudu ake samun sabis, wa zai hau tudu hadari na kansa? Na yi ta kira ina zagaya motar, wani masunci Ba'indiye yana kallona. Na yi alkawura iri-iri ga Ubangiji waɗanda ba zan rubuta a nan ba. A kira na ban san nawa ba, ta shiga.

"Wa ke magana?" Iska na kaɗawa a bayansa, ana kiran yara.

"Sanusi ne, mai lambar zaure."

"Allahu akbar! Mai gida! Ranka shi daɗe, akuya na hau nema, ashe rabon in ji ka ne. Don Allah a gafarce mu, mu..."

"Malam Dahiru, bar wannan. Kana da fartanya? An fara ruwa?"

"Yayyafi ya sauko."

"Saurara da kyau, don in ka sauka ba za ka ji ni ba. Bayan ƙaramin ɗakin da ke jikin katangar gabas, tsakaninsa da rumbu. Ka sa bayanka a jikin rumbu, ka yi taku huɗu zuwa katanga. Ka tona kamu ɗaya, za ka iske dutsen niƙa. Ka ɗage shi. In ba ka ɗage ba ruwan tudu zai kada ɗakin nan yau."

Sai na ji ya ce, "Innalillahi," waya ta katse.

Ban san yadda ake auna irin wannan jira ba. Na zauna a kan wani tarin raga, na tashi. Injiniya ya kira yana nemana, na ce ina zuwa, ban motsa ba. Ya sake kira, ya gaji, ya tako da ƙafarsa ya same ni. Ya ga fuskata bai yi faɗa ba. Na ce masa, "Oga, ni ne Bajamushiyar." Na ba shi labari a taƙaice, da Turancina na gurguje. Ya cire hular kwanonsa ya zauna a kan ragar kusa da ni.

Rana ta yi ja tana shirin faɗuwa kafin wayar ta yi ƙara. Dahiru ne, yana haki, ruwa na dukan wayar.

"Mai gida, na iske shi! Ruwa ya kai mini ƙwauri kahin in same shi, da hannu na ida tonawa. Da na ɗaga, wallahi sai da ya ja ni. Ka ji shi can ƙasa? Yana ta zuba kwari."

Ban ji komai ba sai shuu, amma na ce na ji.

"Bango ya jiƙe, amma yana tsaye. Allah ya saka maka. Ka san tsohuwata ce a ɗakin nan. Ƙafafunta sun mutu tun gudun da munka yi, sai an ɗauke ta. Mun sa ta nan don ya fi sanyi, ita da 'yar jikarta da ke kwana da ita."

Na tsuguna a ƙasa. Kwana goma sha tara tsohuwa na kwance a gindin bangon nan, ni ina Doha ina amsa amin.

Na ce, "Malam Dahiru, na san da rariyar nan tun ranar da ka aiko saƙo. Da gangan na yi shiru."

Ruwa kawai nake ji. Can ya ce, "To ai ka kira." Ya ja numfashi. "Mai gida, tunda na same ka, yaushe za ku dawo? Mu san shiri. Mu kayanmu ba mu kwance duka ba, a zaure suke a ɗaure. Iri ma ban yanke shawarar zubawa ba sai na ji bakinka."

Na kalli Injiniya, wanda ba ya jin ko kalma ɗaya, yana juya hularsa a hannu.

"Ka shuka," na ce. "Ka kwance kayan. In an kwana biyu ka yaɓe bangon gabas kafin marka, ƙasar kwari ta fi kama shi, kada ka ɗebi ta tudu. Indararon soro kuma yana karkata, ka tokare shi."

"Zancen dawowarku fa?"

"Ban sani ba, Malam. In mun dawo ma yi magana, ni da kai."

A hanyar komawa Al Mirqab, karo na farko tun da na san shi, Injiniya bai ba da labarin ƙauyensu ba. Da zai sauka ya dafa kafaɗata ya ce gobe Juma'a, in huta.

Baffa ya ji an shuka da izinina, ya ce na sayar da gadon ubana a waya, bai ƙara ɗaukar kirana ba har yau. Ƙila yana da gaskiya. Ban san ko zan sake kwana a gidan nan ba, kuma in na ce abin ba ya ci mini rai na yi ƙarya.

Inna ce na fi jin tsoro. Tun da muka bar ƙauye ba ta taɓa ambaton gidan ba, ko da wasa. Na kira ƙanwata bayan sallar Juma'a na ce ta miƙa mata. Na gaya mata komai, har da kwana goma sha taran, ban rage ba.

"Tsohuwar ba ta ji ciwo ba?"

"Ba ta ji ba, Inna."

"Gadona ta ke bisa?"

"Ina jin shi ne."

"To ka ce su matsar da shi daga jikin bango, wurin yana da sanyi da damina." Ta yi tari. "In kaka ta yi kuma ka tuna mashi ya mai da dutsen. Kada macizai su shigar wa yara."

Na ce to. Na kashe wayar na zauna a bakin gado. Yakubu ya turo mini kwano da ƙafarsa, bai tambaye ni komai ba. Na cinye tas, na ce ko da saura.